Kar Ku Tashe Shi

An yi wani mutum a nan ƙasarmu ta Birnin Gwari, a wani ƙauye can bayan Randagi, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, kuma kafin mu tashi za ku gane dalili. Mutanen garinsu Sarkin Kiɗa suke ce masa. Ba wanda ya naɗa masa rawani, sai dai ba wanda ya taɓa ja da shi a kan sunan. Mu ma haka za mu kira shi.

Na ga wasu sun gyara zama suna jiran fatawa. Ku kwantar da hankalinku, yau ban zo da maganar hukuncin ganga ba. Wannan mun sha yin ta, za mu kuma sake. Yau maganar harshe na zo da ita, harshe kuwa kowa ya shigo masallacin nan da nasa.

Allah ya ba mutumin nan murya, wannan babu musu. Ya taso a shekarun bayan samun 'yancin kai, lokacin da ba a san maganin feshi ba, ba a san tarakta ba, ciyawa kuma ba ta ragawa kowa. Abin da ke tsakanin manomi da yunwa a lokacin shi ne gayya. Ku yaran yanzu a baki kawai kuka san ta, to ku saurara. Yau a taru a gonar wane, jibi a gonar wane, majiya ƙarfin gari gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, kowa da garmarsa a kafaɗa. Mai gona nasa tuwo da kunu. Makaɗi kuma yana biye da su da gangar noma, yana zuga su har rana ta karya.

Kowane gwarzon noma yana da takensa, wato kiɗan da aka tsara dominsa shi kaɗai. Mutum ko ya gaji ya zube a inuwa, da ya ji an buga nasa sai ka ga ya zabura, ya yi kirari, ya faɗa gona. A wancan zamani babban abin kunya ne a buga takenka ka ci gaba da zama. An ce akwai wanda aka buga nasa yana gaban wanzami, ya fito da rabin kai a aske, haka ya wuni yana noma.

Shi makaɗi ba ya taɓa garma, hannunsa na ganga ne. To wa zai noma masa tasa gonar? Al'adar garinsu ita ce, idan an gama zagaya gonakin kowa, gayyar ƙarshe ta makaɗi ce. Ranar ba a aika wa kowa, don kowa ya san da ita. Da sassafe za ka ga gari ya juye a gonarsa, har waɗanda suka yi lattin zuwa gonar surukansu. Shi ya sa gonar Sarkin Kiɗa, mutumin da bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba, ta fi ta kowa tsafta. Wannan rana ita ce abincin gidansa, ita ce kuma shaidar cewa garin na son sa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gonar tasa tana bakin hanyar da ta ratsa daji. Jikinta akwai gonar maƙwabcinsa Matiyu, wadda wata ƙatuwar ɗorawa ke tsaye a tsakiyarta, duk matafiyi da ita yake kwatance. Matiyu Kirista ne, tare suka yi wasan ƙasa, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Shi ne gwarzon gayyar garin, in ya sunkuya ba ya ɗagowa sai ya ga ƙarshen gona. Taken farko da Sarkin Kiɗa ya taɓa tsarawa a rayuwarsa na Matiyu ne. In fatar ganga ta fashe, Matiyu ke nemo masa wata. Da Sallah nama ya tsallaka katanga, da Kirsimeti shinkafa ta tsallako. Matar Matiyu, Sabina, da kalwar wannan ɗorawa take daddawa, kuma gidan Sarkin Kiɗa ba su taɓa sayen daddawa a kasuwa ba.

Wata shekara sai ga wasu mutane daga gidan rediyo a Kaduna, da motarsu da na'urar ɗaukar murya, suna yawon neman waƙoƙin karkara. Aka nuna musu shi. Tsohuwarsa ta ja shi gefe ta ce kada ya saki muryar duka, ya rage ta gobe, don ba ta yarda da na'urar ba. Bai saurare ta ba, ya saki har da ƙari.

Ranar da aka sa waƙar, gari ya taru a rumfar tela, inda akwatin rediyo ɗaya tilo na garin yake. Da muryar ta fito, Sarkin Kiɗa ya juya ya dubi jama'a ya ce, "Yaron nan ya iya waƙa. Ɗan gidan wa ne?" Aka yi ta dariya. Can sai akwatin ya buga taken Matiyu. Matiyu bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba, yana waige-waige yana neman garmarsa, a tsakiyar rani. Wannan dariyar kam ta halal ce, har shi Matiyun sai da ya share hawaye.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A kira shi Kusasu, a kira shi Gayam, daga baya har Funtuwa da Kontagora da Kadunar kanta. Ya samu 'yan amshi. Ya sayi keke, ya bar keke ya hau babur. Ya sayi agogo ya ɗaura a hannun da yake kiɗa da shi, don duk ɗagawa a gani. Amma ko ina ya je, da damina ta sauka yana gida, yana bin gayya da gangarsa kamar da.

Har zuwa nan, babu wani maƙwabci da zai ce ga haƙƙinsa a wuyan mutumin nan. To daga ina ɓarnar ta shigo? Daga ƙaramar ƙofa, kamar kullum.

A wata gayya a Gayam, ya hango wani mutum ya laɓe bayan tukunyar kunu, wai yana taya mata rabo. Sai ya jefa masa baiti ɗaya cikin waƙa. Manoma suka yi ta dariya har wasu suka saki garma. Sarkin Kiɗa ya tsaya yana kallon su, sai wani lissafi ya faɗo masa a rai. In ya yabi mutum, mutum ɗaya ke murna. In ya yi wa mutum zambo, kowa na murna sai mutum ɗaya. Ya 'yan uwa, wannan lissafin Shaiɗan ne, kuma daɗinsa shi ne bai taɓa yin kama da mugunta ba. Da raha yake kama.

Daga ranar zambo ya fara cin yabo a waƙoƙinsa. Wanda jakinsa ya kayar a tsakiyar kasuwa ya shiga waƙa. Wanda aka ji matarsa ta ɗaga masa murya ya shiga waƙa. Mai in'ina ma bai tsira ba. Mutane suka koma gaishe shi da hannu biyu, shi kuma ya ɗauka ƙauna ce ta ƙaru. Tsoro ne.

Akwai wani dattijo a garin, Mailafiya, shi ke tsara wace gona za a je bayan wace. Ya kira shi zaurensa ya ce, "Ɗana, gangar nan don ta tada mutane aka ba ka. Na ga ka fara kwantar da su da ita."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai wasa ne. Kuma ni ban taɓa kama sunan kowa ba."

Wasa ne. Ban kama suna ba. Sau nawa kuka ji wannan magana a bakin shago? Sau nawa ta fito daga bakinku?

Sai aka yi wata damina ta kurkunu. Manya sun san shi, tsutsar nan da ake sha a ruwan tafki, ta fito wa mutum a ƙafa, ta kwantar da shi daidai lokacin da gona ke neman sa. A shekarar ya kayar da mutane da yawa, gayya ta yi ƙaranci, ruwa kuma ya yi ta zuba ba hutu. Matiyu a ƙafa biyu ya fito masa. Kafin layi ya zo kan gonarsa, ciyawa ta shanye dawar. Sabina ta yi iya yinta da fartanya, amma ina. Birai suka fito daga daji suka mai da ɗorawar wurin hira.

Sarkin Kiɗa ya dawo daga wata tafiya, ya shiga duba abokinsa. Ya zauna a kan tabarmarsa. Sabina ta kawo masa tuwo da miyar kuka, ya cinye har ya suɗe hannu. Matiyu na kwance, ƙafafu a kumbure, amma ya daure ya yi dariya ya ce, "Sarkin Kiɗa, ka biyo ta gonata? Birai sun karɓe ta. Su suka yi shuka bana, su za su girbe. Ni dai na ce kar a tashe ni sai tuwo ya nuna."

Suka yi dariya tare. Amma kun san irin wannan dariyar. Namiji ne ke kuka a gaban amininsa, ya lulluɓe kukan da raha don kada matarsa ta ji. Irin wannan magana amana ce. A ɗakin da aka faɗe ta ya kamata ta kwana.

Sarkin Kiɗa bai kai ƙofar gidansa ba yatsunsa suka fara buga cinyarsa. Kiɗan ya zo, baitin ya zo, amshin ma ya zo da kansa. Zuciyarsa ta ce masa bari, kuma ya ji ta sarai. Sai dai waƙar ta yi daɗi, irin daɗin da mawaƙi ba ya samu kullum. Ya ce wa kansa ai ba zai kama suna ba.

A wani biki a Kusasu ya fara rera ta:

Mai gonar gindin ɗorawa,
Barci ya yi daɗi, kar ku tashe shi.
Biri ya yi shuka, biri zai girbe,
In tuwo bai nuna ba, kar ku tashe shi.

Na ga leɓen wasunku na motsi. Kun san ta ke nan. To ku yi istigfari, mu ci gaba.

Ku lura da abin da ya bari a waje. Bai ce kurkunu ba. Bai ce wannan mutumin shi ne na farko a kowace gayya tun yana saurayi ba. Ya ɗauki mara lafiya ya mai da shi malalaci, don malalaci ya fi ban dariya.

Waƙar ta tashi kamar wutar kaka. Ba a taɓa son wata waƙarsa kamar ta ba. Aka ɗauke ta a faifai, aka yi ta neman ta a rediyo. Shi kuwa bai kama suna ba, gaskiya ne. Amma ɗorawa nawa ce a bakin wannan hanya?

Matiyu ya warke, ya fito yana ɗingishi. Ranar farko da ya shiga kasuwa yara suka bi shi suna cewa kar ku tashe shi. Sabina ta kasa daddawarta a kasuwa, mata suna tambayar ta ko birai ne suka tsinto mata kalwar. In ya sunkuya a gayya, sai wani daga baya ya fara rera kiɗan a hanci, ba da mugunta ba, waƙar ce ba ta fita a kai. Garuruwan da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka san shi a matsayin sarkin barci. Mutumin da ƙarfinsa ne kaɗai abin alfaharinsa a duniya, shi aka ƙwace masa.

Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya jira aka yi girbi, ya tattara iyalinsa zai koma wajen dangin matarsa, can gaba da Gayam. Da safen da zai tafi ya yi sallama a ƙofar maƙwabcinsa.

Ya ce, "Sarkin Kiɗa, ga gonar gindin ɗorawa nan, na bar maka. Kai ka yi mata suna, kai ya kamata ka riƙe ta."

"Haba Matiyu, wasa ne fa. Ai ban kama sunanka ba."

Matiyu ya ce, "Ba ka kama ba. Ka zauna lafiya."

Me ya kamata ya yi a nan? Ya riƙe rigar Matiyu. Ya tara gari ya ce na yi ƙarya, mutumin nan ciwo ya yi. Da kalma kaɗan da an gama. Amma abin da ya gani shi ne gona ta ninku, ga ɗorawa kyauta. Kafin ruwan farko ya tuge itatuwan iyaka ya haɗe gonakin biyu. Daga ranar shi ne mai gonar gindin ɗorawa, kuma bai ma lura ba.

Damina ta zagayo. Ya bi gayya da gangarsa gona bayan gona. Mutane sun yi noma, amma ba mai kirari. Ya ga alamar, ya ce gajiya ce.

Ranar gayyar makaɗi ta zo. Matarsa ta tuƙa tuwo fiye da na kowace shekara, tunda gona ta ƙaru. Aka dama kunu, aka kai gindin ɗorawa. Ya sa babbar riga, ya ɗaura agogo, ya tsaya yana duban hanyar gari. Rana ta fito, ba kowa. Hantsi ya yi, ba kowa.

Sai ya yi dariya ya ce yau za su sani. Ya saɓa ganga ya fara buga take, ɗaya bayan ɗaya. Ya san babu namijin da zai ji nasa ya zauna. Iska kuma tana kaɗawa wajen gari, kowa ya ji. Mailafiya na zaune a ƙofar zaurensa yana tufkar igiya, ya ji taken da aka yi masa tun yana da ƙarfi. An ce har ƙafarsa ta fara rawa. Ya dafe ta da hannu, ya ci gaba da tufka. Haka kowane gida. Ba taro aka yi ba, ba wanda ya hana wani. Kowa dai ya tuna da Matiyu, ya kuma tambayi kansa wa ke biye.

Ya buga na kowa ya ƙare. Can hannunsa, da kansa, ya zarce ya buga taken Matiyu, don da shi ya saba rufe kowace gayya. Sai da ya kai tsakiya ya gane abin da yake bugawa. Ya tsaya. Babu abin da ke motsi a gonar sai ƙudajen da suka taru a kan tuwo.

Ya 'yan uwa, wannan ba halaka ba ce tukuna. Wannan gargaɗi ne, kuma rahama ce. Matiyu na raye. Babur na nan, hanya na nan. Ya ma yi niyya, don ya ce wa matarsa bayan damina zai je. Bayan damina aka kira shi biki. Ya ce bayan biki. Daga nan girman kai ya ba shi shawara: in ƙauye bai san darajarka ba, Kaduna ta sani. Ya ɗauki 'yan ƙwadago suka noma gonar, ya koma birni da zama.

Kuma birni ya yi masa daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Zamanin kaset ya zo, hotonsa na jikin kwali da ganga a kafaɗa. Manyan mutane na kiran sa. Ko ina ya je, waƙar da ake fara roƙo ita ce ta gindin ɗorawa, shi kuma ya rera, ya ƙara mata baiti. Ya yi ƙiba, ya yi mota, ya manta kalar ƙasar gonarsa.

Amma murya haya ce, Mai ita yana karɓar abinsa a hankali. Tasa ta fara dusashewa. Matasa suka koma kiɗan fiyano, ba mai neman gangar noma a biki. 'Yan amshinsa suka watse, wani ya kama tuƙi, wani ya buɗe shago. Motar ta tafi, agogon ya bi ta. Wata rana ya sauka a tashar garinsu da tsohuwar matarsa da ganga da buhun riguna. Labarin farko da ya tarar shi ne Matiyu ya rasu tun bara, Sabina kuma 'ya'yanta sun ɗauke ta sun yi kudu da ita. Ranar bai iya cin abinci ba. Ya yi baƙin ciki na gaske, amma wanda zai ce na yafe maka ba ya nan.

Ga gona ƙatuwa, ba gayya, ba halin ɗaukar 'yan ƙwadago, nasa 'ya'yan kuma kowa na can birni yana fama da kansa. A karon farko a rayuwarsa ya riƙe fartanya, da furfura a kansa. Ya share nan, can ta tsiro. Shekara bayan shekara ciyawa na cin gaba yana ja da baya. Birai kuma ba su manta hanya ba, suka dawo kan ɗorawar.

Ya yi zaton aƙalla waƙar ta mutu tare da kaset. Sai ga zamanin waya. Wani mai shagon tura waƙoƙi a kasuwar Birnin Gwari, Naziru, ya tsinci tsohon kaset ɗin ya juye shi. Cikin ɗan lokaci waƙar ta dawo sabuwa fil. 'Yan acaba suka ɗauke ta, duk babur ɗin da ya bi hanyar dajin da ita yake tafe. Suna zuwa daidai wurin sai su ga ɗorawa, su ga gona ta cika da ciyawa, su ga biri a reshe, su ga tsoho ya jingina da gindin itace yana hutawa. Me za su ce? Ashe gaskiya ce, ga gonar, ga mai gonar. Ba ɗayansu da ya taɓa jin sunan Matiyu.

Ya tare wasu ya ce musu ba shi ba ne, shi ne ma ya yi waƙar. Dariyar ta ƙaru, suka ce Baba ya yi wa kansa waƙa. In zai wanke kansa, sai ya kama sunan da ya yi shekaru yana taƙamar bai kama ba, ya kuma faɗi abin da ya yi wa mai sunan. Bakinsa ya kasa.

Ya roƙi wani ya goya shi a babur har shagon Naziru. Ya ce, "Ɗana, don Allah ka goge waƙar nan."

Naziru ya miƙe ya ba shi kujera, ya ce, "Baba, tawa zan goge yanzu a gabanka. Amma ta riga ta shiga wayoyin da ban san masu su ba. Har Legas ana jin ta." Kafin ya fita, samarin shagon suka roƙe shi ya tsaya a yi hoto.

A daminar da ta wuce, ranar wata kasuwa, ya fita gona da safe. Wajen hantsi jiri ya ɗebe shi, ya lallaɓa zuwa gindin ɗorawa ya faɗi. Ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu nan take, harshensa ya yi nauyi. Yana kwance a gefensa, kunnensa na ji, idonsa na gani.

Hanya kuwa cike take, ranar kasuwa ce. Babur ya zo, aka hango shi, aka ce kar ku tashe shi, aka yi dariya aka wuce. Wani ya zo ya buga masa kiɗan da odar babur. Wata mata da aka goyo ta ce a tsaya a duba tsohon nan, kwanciyar ba ta yi mata ba. Ɗan acaban ya ce, "Hajiya, ai shi ne na cikin waƙar. Haka yake kullum, kar ki tashe shi." Duk yana ji. Ya yi ta ƙoƙarin kira, muryar da ta taɓa tada gari guda ta kasa kaiwa bakin hanya.

Mutanen nan ba mugaye ba ne. Da wani tsoho suka gani kwance a wani gindin itace, da sun tsaya. Shi ya koya musu abin da za su ce in sun ga mai gonar gindin ɗorawa a kwance, kuma sun koya da kyau.

Sai bayan la'asar matarsa ta biyo sawu da ta ga shiru. A asibiti aka ce da da safe aka kawo shi, da wataƙila an ceto maganar. Yana nan da rai. Na je na duba shi, yana kwance a zaure, ba ya iya cewa ko ruwa. In babur ya wuce da waƙar, sai hawaye su gangaro masa. Na lura hannunsa mai lafiya ba ya daina buga tabarma, bugu iri ɗaya, ya kai ƙarshe ya sake. Na tambayi wani tsoho da ke wurin ko ciwon ne ke sa shi haka. Tsohon ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, taken Matiyu ne."

Yana kiran sa ne, ya 'yan uwa. Da can, ko a akwatin rediyo Matiyu ya ji wannan kiɗan sai ya miƙe. Yanzu ba zai zo ba.

Kun ga dalilin da ya sa ban kama sunansa ba, ban kuma faɗi garinsu ba. Amma kada ku ce na tsira da wannan, don shi ma bai kama suna ba. Abin dubawa shi ne me kake nufi da ɗan uwanka. Allah ya hana mu yi wa juna izgili, ya hana mu liƙa wa juna sunayen banza. Haƙƙin maƙwabci yana wuyanka ko masallaci yake zuwa ko coci. Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka tuba ya yafe. Wanda ke tsakaninka da mutum, sai ka je ka same shi, kuma sai yana nan.

Kada wani ya ce shi ba mawaƙi ba ne. Wayar da ke aljihunka ta fi gangar mutumin nan kaiwa nesa. An turo maka hoton wani ya faɗi, ko muryar wata tana kuka, ka yi dariya ka tura gaba. Ka san kurkunun da ke ƙafarsa? In ka tura, za ka iya dawo da shi?

Duk wanda ya san akwai wani Matiyu a rayuwarsa, kada ya ce bayan damina. Ya tashi daga nan ya je, tun harshe na motsi, tun mai yafewa na ji.

Ya Allah ka tsare mana harsunanmu, kada ka sa dariyarmu ta zama kukan wani. Ka ba bawan nan naka sauƙi, ka dubi nadamarsa. Ka ba mu ikon neman gafarar waɗanda muka ɓata wa tun muna iya magana. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye maƙwabtanmu daga gare mu. Amin.